Me ya sa zafi ke kashe maganin lamba?

Ƴan uwa makiyaya da manoma masu kiwo na Bambeye da sauran ƙasar Adar, akwai maganganu biyu da ke yawan fitowa a bakin rijiya da wurin lamba. Wani ya ce: "An yi wa bisashena lamba, amma ciwo bai bar su ba." Wani kuma ya yi fushi don ma'aikacin kiwo ya zubar da sauran magani, ya ƙi jiran garken da ke tafe daga daji. Sau da yawa tushen maganganun nan guda ne, wato zafi. Maganin da ya sha rana yana nan cikin kwalba, launinsa bai sake ba, amma ƙarfinsa ya tafi. To, mene ne ke lalacewa a ciki?

Abin da ake kira furotin

Nama, madara, ƙwai, gashi da kofato, duk akwai wani abu cikinsu da masana ke kira furotin. Ku ɗauke shi kamar zaren da aka jera wa duwatsun ado. Duwatsun nan su ne ake kira amino asid, kuma iri 20 ne. Zare ɗaya yakan ɗauki dutse ɗari biyu, ɗari uku, ko fiye. Amma zaren ba ya zama a miƙe. Nannaɗewa yake yi, ya dunƙule, har dutsen da ke can farko ya zo ya jingina da wanda ke can ƙarshe. Wuraren nan da duwatsu ke taɓa juna su ke riƙe da siffar furotin, kuma siffar ce ke yin aiki. In ta warware, aiki ya ƙare.

Kun sha ganin haka da idonku. Farin ƙwai ruwa ne, in ya ji wuta ya daskare, kuma ba mai mayar da shi ruwa. Madara in ta yi tsami sai ta kama. Matan da ke yin cuku suna sa ɗan abin cikin tumbin ɗan akuya mai shan nono, shi kuwa wuri guda tak yake yanke zaren furotin na madara, tsakanin dutse na 105 da na 106, sai madara ta dunƙule. Wuta, tsami, yanka: kowanne yana taɓa inda duwatsu suka riƙe juna.

Riƙon nan iri-iri ne. Akwai duwatsun da ke jan juna kamar mayen ƙarfe, ɗaya na da caji mai kyau, ɗaya maras kyau. Akwai masu gudun ruwa, irin na mai, da ke taruwa a tsakiya su ɓuya. Mafi yawansu riƙo ne mai rauni, yawansu ne ke ba su ƙarfi. Akwai kuma wani ƙulli mai ƙarfi da ke ƙulluwa in duwatsu biyu masu suna sistin suka haɗu. Ku riƙe sunan nan, za mu komo kansa.

Tantin boru

Mu ɗauki boru, ciwon nan na baki da kofato da ke sa saniya dalalar da miyau, ta gurgunce, nono ya ƙafe, maruƙa su mutu. Ƙwayar da ke kawo shi ƙanƙanuwa ce ƙwarai, sai an jera fiye da 30,000 kafin su cika milimita ɗaya. A shekarar 1989 masana a Ingila, na jami'ar Oxford da gidan binciken Pirbright, suka gano fasalinta dutse bayan dutse, ta hanyar haska ta da hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti.

Ga abin da suka gani. Rigar ƙwayar an yi ta da furotin iri 4, kowane iri guda 60. Suna haɗuwa su yi faifai mai kusurwa biyar, faifai 12 kuma su haɗu su rufe kamar ƙwallo. Wanda ya taɓa zama cikin tantin fata na Buzaye a Azawak ya san zancen: fatu da yawa ne aka ɗinke, kuma in tanti zai ba da kai, ta wajen ɗinki yake farawa. Haka rigar boru. Cikin kowane faifai riƙo na da ƙarfi, amma tsakanin faifai da faifai ɗinkin sako-sako ne.

Masana sai suka bi ɗinkin nan da kwamfuta suna ƙirga: wane dutse ke fuskantar wane, nawa ne nisan da ke tsakaninsu, jan juna suke ko turin juna. In nisan bai wuce kamar angistiram 4 ba, sai su ce duwatsun na taɓa juna. Angistiram kuwa, sai an raba milimita gida miliyan 10 a ɗauki ɗaya. Da wannan ƙirga aka gane cewa a bakin ɗinkin akwai duwatsu masu suna histidin, musamman na 142 a furotin na uku. In wuri ya ɗan yi tsami, sai su ɗauki caji, su shiga ture abin da ke gabansu, ƙwallo ya watse faifai-faifai. Zafi ma haka yake yi, girgiza ɗinkin yake har ya saki.

Ina ruwan makiyayi da wannan? Ruwansa babba ne. Maganin lambar boru ƙwayar ce da aka kashe, aka bar rigarta a ɗinke. Jikin saniya yana ganin rigar, ya koyi siffarta, ya tanadi makamai daidai da ita. In rigar ta watse cikin kwalba, abin da za a tsira wa saniya tarkace ne, kariyar da zai bayar kaɗan ce ƙwarai. Shi ya sa ake ajiye maganin tsakanin digiri 2 da 8, ba a bari ya yi zafi, ba a kuma bari ya daskare. Ku kuwa kun san watan Afrilu da Mayu a Tawa, zafi na wuce digiri 40 ko a inuwa. Kwalbar da aka baza kan tabarma a kasuwa, ko aka ɗauko cikin aljihu bisa babur, ko da hatiminta na nan, kuɗinku ne kawai za su tafi.

Raunin ɗinkin nan yana da amfaninsa kuma. Tun da tsami na watsa ƙwayar, ana wanke kayan aiki da ruwan sinadarin tsamin lemo, ko da soda mai ƙarfi, don ita ma tana warware ta. Naman da aka yanka aka bari ya kwana shi ma yakan yi ɗan tsami da kansa, ƙwayar ta mutu cikin tsoka, amma ban da ɓargo da kaluluwa, can tana daɗewa.

Wani abu kuma: boru ba iri ɗaya ba ne. An san iri 7 a duniya, a Afirka ta Yamma an fi gamuwa da O, A, SAT1 da SAT2. Bambancinsu yana ga duwatsun da ke bayan rigar, inda makaman jiki ke kamawa. Lambar O ba ta tsare saniya daga SAT2. Don haka in boru ya shigo garkenku, ku gaya wa ma'aikacin kiwo tun ƙurajen ba su gama fashewa ba, ya ɗebi fatar ƙurji cikin sanyi a aika gidan bincike, a san ko wane iri ne.

Ana iya ƙara ɗinki?

Ana iya. A 2013 masana a Ingila suka duba ɗinkin suka zaɓi dutse na 93 a furotin na biyu, wanda ke fuskantar ɗan uwansa na faifan da ke maƙwabtaka. Suka canza shi da sistin ɗin nan da muka ambata, sai ƙulli mai ƙarfi ya ƙullu a tsakanin faifai da faifai. Rigar irin A da aka yi haka, wadda ba komai a cikinta, ta jure digiri 56 har awa 2, alhali ta asali ta watse. A 2015 aka yi makamancin haka ga O da SAT2, waɗanda suka fi A saurin watsewa. Dutse ɗaya cikin ɗaruruwa! Amma fa aikin gidan bincike ne muke ba ku labari. Kada wani ya nuna muku kwalba a kasuwa ya ce irin wadda ba ta jin rana ce.

Akwai wata dabara da ta riga wannan, kuma ƙasarmu na cikin labarinta. Dattawa ba su manta da bushiya ba. Wani likitan dabbobi ɗan Amurka, Jeffrey Mariner, da abokan aikinsa sun gyara yadda ake busar da maganin lambar bushiya, tare da sukari da wani furotin na madara, har ruwan da ya rage ciki ya zama kaɗan ƙwarai. In babu ruwa, duwatsun ba su samun wurin motsi, sukari ya riƙe su inda suke. An gwada maganin a kan shanu a nan Nijar, aka buga sakamakon a 1990. Yana iya yin kwana 30 ba firigo, abin da ya sa aka kai shi dazuzzukan da mota mai ƙanƙara ba ta zuwa. A 2011 aka bayyana cewa bushiya ta ƙare a duniya.

Nan ne amsar mai fushin nan take. Maganin ciwon huhu na shanu da na annobar awaki da tumaki, PPR, waɗanda ake yi muku lokacin lambar shekara, busassu ne cikin kwalba, kuma ƙwayar da ke ciki rayayya ce da aka raunana. Muddin suna bushe suna da ɗan haƙuri. Da zarar an zuba musu ruwa, sukari ya narke, duwatsu sun samu sakewa, zafi ya fara aikinsa. Daga nan abin da ya rage bai fi awa ɗaya zuwa biyu ba, shi ma a inuwa cikin ƙanƙara. Ma'aikacin da ya zubar da sauran bai cuce ku ba. Wanda ya dama tun da hantsi yana tsirawa har la'asar, shi ne ya cuce ku.

Ranar lamba ku kawo bisashe da sassafe, a tare, don a dama kwalba a ƙare ta nan take. Ku nema wa ma'aikata inuwa. Ba laifi ba ne ku leƙa akwatin sanyi ku ga ko da sauran ƙanƙara, ku tambayi lokacin da aka dama maganin, ku sa yaro mai karatu ya duba ranar ƙarewarsa a jikin kwalba. Ruwan damawa ma nasa ne na musamman, kuma sai mai sanyi. Ba a ɗebo na rijiya ko na tabki. In kuwa lambar boru kuka saya, ku sani ana yin ta sau biyu da farko, wata ɗaya tsakani, sannan a riƙa sabuntawa kamar kowane wata 6.