Wane Asibiti Za a Kai Mai Naƙuda? Darasi Daga Tamale

A Kasalgu, unguwar da ke gefen birnin Tamale a arewacin Gana, idan naƙuda ta taso cikin dare maigida ba shi da sukunin dogon tunani. Sai ya tare babur mai ƙafa uku, ya nufi inda ya ji mata suna yabo a gidan suna. Shaidar maƙwabta tana da amfani, amma mutum ɗaya haihuwa ɗaya ya gani, ko biyu.

Alhali kuwa akwai lissafi a rubuce. Tun shekarar 2012 Hukumar Lafiya ta Gana take tattara rahoton wata-wata daga asibitoci cikin kwamfuta, a tsarin da ake kira DHIMS2: haihuwa nawa aka karɓa, nawa aka yi wa tiyata, uwa nawa ta rasu. Binciken ƙasa na 2017 ya nuna mata 310 ke rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000. Dokar samun bayanai ta 2019 kuma ta bai wa ɗan ƙasa ikon neman irin wannan bayani daga hukuma.

Sai dai, 'yan'uwa, a yi hattara wajen karanta alƙaluma. Asibitin Koyarwa na Tamale shi ne matattarar masu larura mai tsanani daga duk arewacin ƙasar. Matar da ta kwana tana zubar da jini a ƙauye, can ake kai ta bayan ta galabaita. Idan Allah Ya yi mata rasuwa, a littafinsu za a rubuta, ba a littafin ƙaramin asibitin da ya turo ta ba. Wanda ya dubi yawan mamata kawai zai zalunci masu ɗaukar nauyi mafi girma, ya yabi wanda ya sauke nasa a kan wani. A ganina adalci shi ne a gwada asibiti da sa'ansa, kamar Tamale Central da Tamale West, a kuma tambaya: mutum nawa cikin nawa?

Akwai kuma abin da maigida zai bincika da kansa tun lokacin awon ciki. Shin asibitin yana da lasisin hukumar HeFRA, wadda dokar 2011 ta kafa? Akwai ajiyar jini? Akwai likitan da zai yi tiyata ƙarfe biyun dare, ko sai an sake neman mota? Tun 2008 aka shigar da kula da masu ciki kyauta cikin inshorar lafiya ta ƙasa, saboda haka a tabbata uwargida ta yi rajista kafin watan haihuwa ya kama.