Aikin jinya na kwantiragi a Amurka: Yadda ake shirya wa ranar farko a sabon asibiti

A Amurka akwai rukunin ma'aikatan jinya da ba su da asibiti guda na dindindin. Kamfanonin samar da ma'aikata ne ke ɗaukarsu, su tura su duk inda ake ƙarancin hannu, galibi a kan kwantiragin mako 13. Wannan tsari ya bunƙasa matuƙa a shekarun 2020 da 2021 lokacin da annobar korona ta cika asibitoci, kuma har yau yana jan hankalin ma'aikata, ciki har da 'yan Najeriya da suka ci jarrabawar NCLEX suka samu lasisin aiki a can.

Sai dai abin da ke ba sababbin shiga mamaki shi ne gajartar horon sanin makamar aiki. Ma'aikaciyar dindindin kan shafe makonni ana nuna mata hanya, amma 'yar kwantiragi sau da yawa duti ɗaya zuwa uku kawai take samu kafin a danƙa mata majinyata. Dalili kuwa shi ne asibitin ya ɗauke ta ne domin ta cike giɓi nan take, shi ya sa kamfanoni ke neman gogewar shekara ɗaya ko biyu a fannin da za ta yi aiki. Horon ba na koyar da jinya ba ne, na sanin wuri ne.

Takardu kafin tafiya

Lasisi ne kan gaba, domin a Amurka kowace jiha ce ke ba da nata. Jihohi da yawa sun shiga wata yarjejeniya da ke ba mai lasisin ɗayansu damar aiki a sauran, amma Kalifoniya ba ta ciki, don haka mai zuwa can sai ta nemi lasisin jihar tun da wuri. Sai takardun shaidar ceton rai na BLS da ACLS, waɗanda Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka ke bayarwa, kuma wa'adinsu shekara 2 ne. Ana kuma neman shaidar rigakafin ƙyanda da ƙarambau da ciwon hanta nau'in B, da gwajin tarin fuka, da gwajin miyagun ƙwayoyi, da gwajin dacewar takunkumin N95 da fuska. Takarda guda da ta ƙare aiki tana iya ɗage ranar farawa, alhali ma'aikaciya ta riga ta biya kuɗin haya a garin da ba ta san kowa ba.

Jarrabawar da ke jiran baƙo

Asibitoci da dama kan yi wa sabuwar zuwa gwajin lissafin adadin magani, wasu sassan kuma su ƙara da na karanta zanen bugun zuciya. Akwai inda faɗuwa ke jawo soke kwantiragin baki ɗaya. Saboda haka ya kamata ta tambayi wakilin kamfaninta irin gwajin da za a yi da makin da ake buƙata, sannan ta yi bita.

Haka nan ta binciki manhajar da asibitin ke adana bayanan majinyata a kai. Epic da Cerner da Meditech su ne suka fi yaɗuwa, kuma wadda ta saba da ɗaya za ta iya ɓata sa'o'i tana lalube a ɗayar. Ko da manhajar iri ɗaya ce, kowane asibiti na tsara ta yadda ya ga dama.

Tambayoyin da ba sa jira

A ranar horon, hikima ita ce a fara da abin da jinkirinsa ke iya jawo asarar rai. Ina keken kayan ceton gaggawa yake? Wace lamba ake bugawa idan zuciyar majinyaci ta tsaya, ko idan yanayinsa ya fara taɓarɓarewa? Yaya ake samun likita da tsakar dare? Kalmomin sanarwar gaggawa sun bambanta daga asibiti zuwa asibiti, don haka kada ta ɗauka abin da ta sani a tsohon wurinta shi ne a nan.

Bayan haka ta tabbatar da cewa katin shaidarta na buɗe ƙofofi, kuma sunanta ya shiga na'urar fitar da magani, Pyxis ce ko Omnicell, tun kafin mai horar da ita ta tafi. Ta kuma san ƙa'idar asibitin kan ƙarin jini da magungunan da ke buƙatar sa hannun ma'aikata biyu. Ƙaramin littafi a aljihu na da amfani, amma ban da rubuta sunan majinyaci, domin dokar HIPAA ta 1996 ta tsaurara kan sirrin marasa lafiya.

Abin da kwantiragi ya ƙunsa

'Yan kwantiragi ne aka fi fara turawa wani sashe idan can ya rasa hannu. Ya dace ta san sassan da yarjejeniyarta ta amince a kai ta, da yawan majinyatan da za ta riƙe. A Kalifoniya doka ta ƙayyade majinyata 2 ga ma'aikaciya ɗaya a sashen masu tsananin ciwo, amma a yawancin jihohi asibiti ne ke yanke adadin. Idan aka ba ta aikin da ya fi ƙarfin horonta, hakkinta ne ta sanar da shugabar duti da kamfaninta a rubuce, domin lasisinta ne zai amsa tambaya idan aka yi kuskure.

Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata. Ma'aikatan sashe sun fi sakin jiki da baƙuwar da ke tambaya a kan wadda ke nuna ta san komai, kuma majinyacin da ke kan gado shi ne ya fi kowa cin moriyar wannan tambaya.