Koyar da Turanci a ƙetare: Kasuwannin da malamanmu ba su cika leƙawa ba

Tun bayan da gwamnati ta saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, har Dalar da ake saya a hukumance kan Naira 460 da 'yan kai ta zarce Naira 1,500 a shekarar 2024, hirar ɗakin malamai a makarantunmu ta sauya. Wanda ya karanta Turanci a Bayero ko Ahmadu Bello ko Usmanu Danfodiyo, ya shafe shekara goma yana gyaran insha'in ɗalibai, yanzu lissafin da yake yi shi ne ko wannan harshe da yake koyarwa zai iya ciyar da iyalinsa a wata ƙasar. Tunanin ba laifi ba ne, domin Turanci haja ce da duniya ke saye. Inda gizo ke saƙar shi ne kusan kowa kasuwa ɗaya yake hange: Koriya ta Kudu, Japan, Sin, Dubai, Saudiyya, ko Ingila kanta. Su ne kuwa wuraren da mai koren fasfo ya fi shan wahalar shiga.

Mu ɗauki Koriya ta Kudu, wadda ta yi suna wajen biyan malaman Turanci da ba su masauki kyauta. Bizar da take bayarwa don wannan aiki, mai suna E-2, an gina ta ne a kan 'yan ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostareliya, New Zealand, Ireland da Afirka ta Kudu. Yaro ɗan shekara 22 da ya karanta kimiyyar ƙasa a Dublin ya cika sharaɗi, amma mai digiri na biyu a nahawun Turanci daga Zariya bai cika ba, duk da cewa masu jin Turanci a Najeriya sun ninka al'ummar Ireland da New Zealand a haɗe sau da yawa. Wannan rashin adalci ne, sai dai ƙorafi a shafin jarida ba zai sauya dokar shige da ficen wata ƙasa ba. Ita kuwa Sin, wadda a da take haɗiye dubban malamai baƙi, ta rufe mafi yawan cibiyoyin darasin bayan makaranta masu neman riba da wata doka da ta fitar a watan Yulin 2021. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza a 2022, ba ta ɗage ba sai a Yulin 2024. Ko Ingila, da ta buɗe wa malaman Najeriya ƙofar neman shaidar ƙwarewar koyarwa a Fabrairun 2023, masu lissafi da kimiyya da harsunan waje ta nufa, ba ta rasa masu koyar da harshenta ba.

To, tunda hangen Dala ba shiga birni ba ne, ina ya kamata malami ya duba?

Amsa ta farko tana bayan gidanmu. Akwai wani juyi da ke faruwa a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci wanda 'yan siyasa ke ta sharhi a kansa, amma malamai ba su lura cewa ya shafi aljihunsu ba. Ruwanda ce ta fara: a 2008 ta mayar da Turanci harshen koyarwa a madadin Faransanci, a 2009 ta shiga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila alhali Ingila ba ta taɓa mulkarta ba. Sauyin ya zo wa malamanta ba shiri, shi ya sa ta riƙa ɗauko malamai daga maƙwabtanta Uganda da Kenya, a 2022 kuma ta karɓi fiye da 150 daga Zimbabuwe bisa yarjejeniyar gwamnati da gwamnati. A watan Yunin wannan shekara ta 2022, a taron da aka yi a Kigali, Gabon da Togo suka bi sahunta cikin ƙungiyar. Aljeriya ta shigar da Turanci aji uku na firamare a Satumbar 2022, Senegal ta fara gwada shi a makarantun rainon yara da firamare a farkon 2025. Mafi kusa da mu duka, kundin sake gina ƙasa da Jamhuriyar Nijar ta fitar a Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Turanci da Faransanci a matsayin harsunan aiki.

Mai karatu ya tsaya ya duba wannan na ƙarshe da kyau. Malamin da ya tashi daga Katsina zuwa Maraɗi, ko daga Daura zuwa Damagaram, zai shiga aji ne inda zai iya fassara wa ɗalibi ƙa'idar nahawu da harshen da aka yi musu reno da shi su biyun. Babu wani Ba'amurke ko Bature da zai yi gogayya da shi a wannan fage. Haka abin yake, ko da bai kai haka ba, a unguwannin Hausawa na Garwa da Ngaundere a Kamaru, da Injamena a Chadi, da zangon Lome. Ga kuma batun kuɗi: sefa a ɗaure take da Yuro, kowace Yuro ɗaya sefa 655.957, saboda haka albashin da bai taka kara ya karya ba a Kwatano ko Abijan yana riƙe darajarsa daga farkon shekara zuwa ƙarshenta, abin da ma'aikacin Najeriya ya daɗe bai gani ba.

Sai dai kada a ɗauka cewa kowace sanarwar shugaban ƙasa guraben aiki ce ga baƙo. Aljeriya 'ya'yanta ta ɗauka don cike azuzuwan firamaren, kuma haka yawancin ƙasashen nan suke yi, domin aikin gwamnati na ɗan ƙasa ne. Inda baƙo ke samun wuri shi ne makarantu masu zaman kansu da ke koyarwa da harsuna biyu, cibiyoyin koyon harshe na manya, jami'o'i masu zaman kansu, da kamfanoni ko ƙungiyoyin agaji da ke son ma'aikatansu su iya rubuta rahoto da Turanci. A Abijan, inda hedikwatar Bankin Raya Afirka take, ko a Dakar mai tarin ofisoshin ƙasa da ƙasa, irin wannan buƙata ba ta yankewa. Kuma wanda zai je can ba tare da ya iya gaisuwa da cinikin kasuwa da Faransanci ba ya ɗaura wa kansa dutse. Wata shida na darasin yamma a Alliance Française ta Kano ko Kaduna zai ɗaga darajarsa fiye da ƙarin wani digiri. Game da shiga da fita, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin kwana 90 ba biza, amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025, don haka a tambayi ofishin jakadanci halin da ake ciki kafin a ɗaure kaya. Matsalar tsaro a wasu yankunan Sahel kuwa ba sai an yi wa ɗan Arewa bayaninta ba.

Yanki na biyu da ya cancanci a duba shi ne tsakiyar Asiya, musamman Uzbekistan. Sunan baƙo ne a kunnenmu, amma garuruwanta ba baƙi ba ne: Bukhara ce mahaifar Imamu Bukhari, kabarinsa yana kusa da Samarkand, Tirmiz kuma ita ce garin Imamu Tirmizi. A Disambar 2012 shugaban ƙasar na lokacin, Islam Karimov, ya sa hannu kan dokar da ta wajabta fara koyar da harshen waje, galibi Turanci, tun daga aji ɗaya na firamare. Magajinsa Shavkat Mirziyoyev ya ƙara wa abin ƙaimi, ya buɗe makarantun shugaban ƙasa daga 2019 tare da haɗin gwiwar hukumar jarrabawa ta Cambridge, inda ake ɗaukar malamai daga waje. Tun 2002 akwai jami'ar Westminster a Tashkent da ke koyarwa da Turanci. Ƙasa ce mai mutum sama da miliyan 35, matasa sun yi yawa, kuma neman sakamakon jarrabawar IELTS ya zama musu kamar yadda JAMB take a wurinmu, shi ya sa cibiyoyin share fage suka cika manyan garuruwanta. Maƙwabciyarta Kazakhstan ta kafa makarantun Nazarbayev na masu hazaƙa daga 2008, da jami'a mai koyarwa da Turanci a Astana a 2010.

Ga Musulmin Arewa, waɗannan wurare suna da sauƙin da Seoul ko Tokyo ba su da shi: nama halal a kasuwa, masallaci a unguwa, watan azumi da kowa ya san da shi. Amma a san cewa bin mazhabar Hanafiyya suke, kuma hukuma na sa ido sosai kan harkar addini, wa'azi ko karantarwa ba da izini ba laifi ne da kan jawo kora, don haka ustazancin da aka saba a gida sai a bar shi a gida. Ga hunturu: a Astana sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, wanda sanyin Jos ko na Mambila ko kusa bai kama ƙafarsa ba. A titi kuma Uzbek ko Kazak ko Rashanci ake yi, baƙar fata ba ta da yawa, za a yi ta kallon mutum har ya gaji.

Kudu maso gabashin Asiya, wato Tailan da Biyetnam da Kambodiya, na karɓar waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne, kuma akwai 'yan Filifin da 'yan Afirka da yawa da ke koyarwa a can. Sai dai sau da yawa ana biyan su ƙasa da abin da ake biyan farar fata a kan aiki iri ɗaya. Mafi muni, a wannan yanki ne ake yaudarar matasa da tallan aiki a intanet, a tsallaka da su sansanonin damfara a kan iyakar Myanmar da cikin Kambodiya. Cikin dubban da aka ceto daga Myanmar a farkon 2025 akwai 'yan Afirka da dama. Duk tayin da ya zo da albashin da ya wuce hankali, ba hira ta bidiyo da shugaban makaranta, aka kuma ce a shigo da bizar yawon buɗe ido za a gyara takardu daga baya, to a guje shi.

Kowace ƙasa aka zaɓa, takarda ce ke magana kafin a ji bakin mutum. Tunda fasfo ba zai yi wa malaminmu shaida ba, dole ya nemi wata shaidar. Wadda ta fi karɓuwa ita ce CELTA ta Cambridge, kwas na kimanin awa 120 da ake gamawa cikin mako huɗu zuwa biyar, wanda ya ƙunshi awa shida na koyar da ɗalibai na gaske a gaban mai tantancewa. Takwararta ita ce CertTESOL ta Trinity. Akwai tsada, amma takardun da ake sayarwa da araha a intanet, waɗanda ake kammalawa a ƙarshen mako ba tare da an tsaya gaban aji ba, makarantar kirki ba ta kallon su. A haɗa da sakamakon IELTS mai kyau, rajistar hukumar malamai ta TRCN, takardar shaidar hali daga 'yan sanda, da digirin da Ma'aikatar Ilimi da ta Harkokin Waje suka tantance a Abuja. Sannan a faɗa wa juna gaskiya kan lafazi. Bahaushen da ke cakuɗa harafin p da f zai faɗi a minti biyu na farkon hira, komai zurfin nahawunsa. Abu ne da ake gyarawa da atisaye, kuma wanda ya gyara nasa ya fi kowa sanin yadda zai taimaki Balaraben da ke cakuɗa p da b, domin ya bi ta hanyar da ɗalibin ke bi. Wannan ita ce fa'idar da wanda ya sha Turanci a nono ba ya da ita.

Lissafin albashi kuma a yi shi a kan abin da zai rage, bayan an cire haya, haraji, kuɗin izinin zama, inshorar lafiya da tikitin zuwa gida. A tambaya a rubuce: wa zai biya izinin aiki, awa nawa ake shiga aji a mako, ana biya a watannin hutu, kuma ta wace hanya ake aiko da kuɗi Najeriya daga wannan ƙasa? A nemi lambar wani malami baƙo da ke aiki a makarantar a yi magana da shi. Fasfo kuma ba ya kwana a ofishin kowa. Mai iyali ya ƙara da kuɗin makarantar yara, domin a ƙasar da ba a koyarwa da Turanci, makarantar da 'ya'yansa za su iya shiga na iya cinye albashin gaba ɗaya.

Akwai kuma wata ƙofa ta gida da mutane da yawa suka manta da ita. A 1987, zamanin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da Farfesa Bolaji Akinyemi ke ministan harkokin waje, Najeriya ta kafa shirin tura ƙwararru zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da tsibiran Pasifik, wanda aka fi sani da TAC. Ana tura malamai da likitoci da injiniyoyi na tsawon shekara biyu, Najeriya ce ke biyan alawus, ƙasar da ta karɓa ta ba da masauki, kuma Gambiya da Uganda da Ruwanda na cikin waɗanda suka amfana. Gurbin ba shi da yawa, masu nema kuma sun yi yawa, amma ga malamin da bai taɓa fita ba, babu dillali a tsakani, babu fargabar izinin aiki, kuma shekara biyun nan su ne gogewar ƙasar waje da makarantun Tashkent ko Kigali ke tambaya a layin farko na fom ɗinsu. Hukumar kan sanar da ɗaukar sababbin masu sa kai lokaci zuwa lokaci, ofishinta yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje.