Daga Gangara zuwa Jidda: mai ciwon huhu ya fara lissafin iska kafin na guzuri

Mutumin Damargu bai saba da zama wuri ɗaya ba. Tun zamanin da ayarin Abzinawa ke ratsa ƙasar nan tsakanin Agadas da Kano, suna sauke gishiri da dabino suna ɗaukar hatsi, tafiya ta zame mana sana'a. Yau ɗan kasuwar Gangara, can tsakanin Tanut da Balbeji, yakan kwana Damagaram, ya wuce Kano, wani lokaci har Dubai ko Sin. Ma'aikacin gwamnati kuwa da zarar ya ajiye aiki, abin da ke ransa shi ne kujerar Makka. Sai dai shekaru ba su zuwa su kaɗai. Hayaƙin itace, da ƙurar hunturu, da taba, da tabon da tarin fuka ke bari a huhu ko bayan an warke, duk suna tara bashi, ranar biya kuwa takan zo daidai lokacin da mutum ya sami halin tafiya. Ga kuma samarin da suka haƙa zinariya a Jado daga 2014, waɗanda ƙurar dutse ta shiga ƙirjinsu. Cikin waɗannan mutane akwai wanda likita ya riga ya ɗora wa iskar oksijin, akwai kuma wanda bai san yana bukatarta ba sai jirgi ya tashi da shi.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne ƙa'idojin lafiya da ma'aikatar kiwon lafiya ta Saudiyya ta fitar domin Hajjin 2026. A ciki an jera cututtukan da ke hana mutum zuwa: ciwon ƙoda mai bukatar wankin jini, ciwon zuciya mai sa haki ko da ɗan motsi, ciwon daji da ake kan magani, tarin fuka mai yaɗuwa, sa'an nan da daɗaɗɗen ciwon huhu mai bukatar oksijin, ko kullum ko jefi-jefi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51,8 a Masallacin Harami, hukumomin Saudiyya da kansu suka ƙidaya mamata 1.301. Saboda haka wanda ke da niyya ya fara ganin likita kafin ya zuba kuɗinsa a kamfanin jigilar alhazai, kada ya jira binciken da ake yi ƙarƙashin hukumar COHO ya zame masa labari mai ɗaci. Hajji wajibi ne a kan mai iko, lafiya kuwa tana cikin iko. Batun aika wakili malamai sun saɓa a kansa, wannan fagensu ne, a je a tambaye su.

To amma ba Hajji ne kaɗai tafiya ba. Akwai fatauci, akwai ziyarar ƴaƴa, akwai neman magani a Masar ko Tunisiya ko Indiya. Mai oksijin yana iya yin yawancin waɗannan, in ya san lissafinsa.

Abin da jirgin sama ke yi wa ƙirji

Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin. Jirgi yana tafiya a tsawon mita dubu goma ko fiye, amma ana matsa iska a cikinsa domin fasinja ya rayu. Matsin nan bai kai na ƙasa ba: doka ta yarda cikin jirgi ya zama kamar saman dutse mai tsawon mita 2.400. A nan jiki yana samun abin da zai samu da a ce iskar ƙasa ta koma kashi 15 cikin 100. Mai lafiya ba ya jin komai sai ɗan barci. Wanda huhunsa ya riga ya gaji kuwa, wanda a Gangara, ƙasa mai tsawon ƴan ɗaruruwan mita kawai, yake hawa matakala yana tsayawa, shi wannan ragi zai iya kai shi ga suma ko bugun zuciya. Haka ma mai amosanin jini, wanda wasu ke kira sikila, domin ƙarancin oksijin na daga cikin abubuwan da ke tayar masa da ciwo.

Likitocin ƙirji suna da hanyar gwadawa tun a ƙasa: a ba mutum iska mai kashi 15 ya shaƙa minti 20, ana duban jininsa. Inda babu kayan wannan gwaji, akan sa mutum ya yi tafiya ana auna shi da ɗan ma'aunin nan da ake maƙalawa a yatsa. A jagorar da ƙungiyar likitocin ƙirji ta Ingila ta fitar a 2011, an shawarci wanda ke bukatar fiye da lita 4 a minti tun yana ƙasa da ya haƙura da jirgi. Wanda iska ta taru masa tsakanin huhu da haƙarƙari dole ya jira hoto ya nuna ta tafi, ya ƙara mako guda a kai, domin iskar da ke kulle cikin jiki takan kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku a sama. Mai tarin fuka kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya shiga jirgin fasinja sai ya yi aƙalla mako biyu yana shan magani yadda ya kamata, in kuma irin mai taurin kai ne, sai gwaji ya nuna ya daina yaɗawa.

Game da ma'aunin yatsa akwai abin da ya shafe mu musamman. A 2020 masu bincike na jami'ar Mishigan a Amurka sun nuna cewa na'urar takan yi wa baƙar fata ƙarin maki: ta nuna lafiya lau alhali oksijin ya yi ƙasa, kuma hakan ya fi faruwa ga baƙaƙe kusan sau uku bisa farare. Jan farce da yatsa mai sanyi su ma suna ruɗa ta. In na'ura ta ce 94 amma mutum yana haki, leɓɓansa sun canja, maganarsa ta soma rikicewa, to a gaskata mutumin.

Tulu ko na'ura

Oksijin na zuwa ta hanya biyu. Akwai tulun ƙarfe da ake ɗurawa, akwai kuma na'urar tace iska, wadda ke zuƙo iskar ɗaki, ta riƙe sinadarin naitirojin cikin wani gari mai suna ziyolayit, ta saki oksijin da ya haura kashi 90. Tulu ba ya neman wuta amma yana ƙarewa. Na'ura ba ta ƙarewa amma ba wuta ba aiki.

Lissafin tulu ba wuya. A ninka girmansa da matsin da agogonsa ya nuna. Ƙaramin tulu mai lita 2 da aka ɗura zuwa bar 200 yana ɗauke da lita 400. Mai shan lita 2 a minti zai cinye shi cikin minti 200, wato awa uku da minti ashirin. Daga Tanut zuwa Damagaram kusan kilomita 150 ne, kafin nan kuma sai an fito daga Gangara an hau kwalta. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900. In motar ta yi awa 14, lita 1.680 ke nan, fiye da tulu huɗu, ba a sa facin taya da tsayuwar shingen jandarmomi ba. Duk wanda ya san hanyar nan ya san ba a yin lissafi da ranar sa'a.

Wani tarko kuma yana jiran wanda ya ƙetara iyaka. Bakin tulu ba iri ɗaya ba ne ko'ina: ƙasashen da suka gaji Faransa da nasu, waɗanda suka gaji Ingila da nasu. Kan da ya hau tulun Damagaram daidai yana iya ƙin hawa na Kano. Launi ma haka: a Turai kafaɗar tulun oksijin fara ce, a Amurka tulun kore ne. Kada kuma wahala ta kai mutum wajen masu walda. Tulunsu ba a tsabtace shi domin huhun ɗan Adam ba.

Domin doguwar tafiya ƙaramar na'ura mai batir ta fi, wadda ake ratayawa a kafaɗa. Amurka ta yarda da shigarta jirgi tun 2005, kamfanonin duniya da yawa suka bi. Amma yawancin ƙananan nan ba su sakin iska sai mutum ya ja numfashi, alkaluman da ke jikinsu kuwa, 1, 2, 3, ba lita ba ne. Akwai mara lafiyar da ba su ishe shi ba, musamman cikin barci. Sai an gwada a gaban likita kafin a saya. Masu ƙera su galibi sun tsayar da iyakar zafi a digiri 40 ko ƙasa da haka, bazarar Damargu kuwa kowa ya san inda take kaiwa, ga ƙurar hunturu da ke toshe matata. Babbar ta ɗaki, mai lita 5, tana cin wat 300 zuwa 400 dare da rana. Wanda ya tuna yadda aka zauna cikin duhu sa'ad da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, ba sai an gaya masa ya ajiye tulu ɗaya cikakke a bayan ƙofa ba.

Takarda kafin tikiti

Ba a bayyana a filin jirgin Diori Hamani ko na Malam Aminu Kano da na'ura a hannu a ce a bar mutum ya shiga. Kamfanoni suna da takarda mai suna MEDIF wadda likita ke cikawa ya sa hannu, kuma galibi suna son ta iso aƙalla awa 48 kafin tashi. Mako biyu ya fi. In tafiyar ta haɗa kamfani biyu, kowane da tasa yardar. Izinin na farko bai ɗaure na biyu ba. A nan ne masu sayen tikiti mai rahusa, guntu-guntu, ke faɗawa rami.

Ƙa'idar da ta fi yaɗuwa ita ce batir ya ishi tsawon tafiya da rabinta: jirgin awa 6, batirin awa 9. Ba a dogara da wutar kujera. Batiran ajiya suna tafiya a hannu, ba su shiga kayan ƙasan jirgi. Wanda bai wuce 100 Wh ba ya wuce salin-alin, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfani, kuma biyu kawai. Oksijin na ruwa haramun ne a jirgi, tulun mutum na kansa kuwa kamfanoni da yawa ba su karɓa. Wasu suna sayar da nasu oksijin ga wanda ya nema tun da wuri, amma iyakarsa ƙofar jirgi. Takunkumin da ke faɗowa daga rufi na gaggawa ne, na ƴan mintuna.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne zango. Ƴan kasuwarmu da yawa suna bi ta Adis Ababa zuwa Dubai ko Jidda. Filin jirgin Bole yana kan tsawon mita 2.300 da ɗoriya, wato kusan daidai da cikin jirgi. Mai ciwon huhu ya sauka yana zaton ya huta, ashe bai sauko ba. In an jinkirta jirgi na biyu awa biyar, awa biyar ɗin nan na cikin lissafin batir. Istambul da Kasabalanka ba su da wannan matsala. A ganinmu, ga irin wannan fasinja, ƙarin kuɗin tikitin da ya kauce wa tudu ba almubazzaranci ba ne. Masu bin ƙasa ta arewa su ma su sani Tamanrasat ta haura mita 1.300, Ɗa'ifa a Saudiyya kuwa ta kusa 1.900.

Sai ƙananan abubuwa masu tsayar da babbar tafiya. Kan filogin Nijar mai ƙafa biyu zagayayyu ne, na Kano da Dubai da Jidda mai ƙafa uku. Takardar likita ta kasance da Faransanci da Ingilishi, da sunan na'ura da lambarta, domin ɗan duwan na iya ɗaukarta hajar sayarwa. Magungunan shaƙa su zauna a aljihu, ba cikin akwatin da zai iya kwana wata ƙasa ba.

Jirgin ruwa fa? Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa ta Cadi da Sudan a Sawakin suke shiga jirgi su ƙetare Bahar Maliya. Yau akwai jiragen shaƙatawa masu yawo daga ƙasa zuwa ƙasa, har Saudiyya ta ƙaddamar da nata, AROYA, daga Jidda a Disamba 2024. Ta fuskar numfashi teku ta fi sama sauƙi, tun da babu tudu. Amma oksijin ɗin ɗakin likitan jirgi na gaggawa ne. Fasinja shi ke shirya nasa na dukan kwanakin, ya sanar da kamfani tun ranar yankan tikiti, in ciwo ya tashi kuma a tashar da ta fi kusa za a sauke shi, ƙasar da watakila ba shi da kowa. Inshorar da ba a gaya wa ciwon ba tun farko, ba za ta biya ba.

Oksijin ba ya kamawa da kansa, amma kusa da shi ƙaramar wuta takan zama gobara. A Afrilu 2021 fashewar tulu ta ƙone asibitin Ibn al-Khatib a Bagadaza, mutum 82 suka rasu. A masaukin fatake hatsarin ya fi kusa: taba, turaren wuta, garwashin shayi da ake hurawa a tsakar ɗaki. Kada mai ko basilin ya taɓa bakin tulu, kada a shafa su a hancin mai shaƙa. A cikin mota a ɗaure tulu sosai, a bar taga a ɗan buɗe, kada kuma a rufe shi cikin but rana na dukansa. Abokin tafiya ya koyi canja tulu da batir tun a gida, ya riƙe kwafin takardar likita a nasa aljihun.