Ko Kun Sani?

Kiɗan na'ura irin wanda ke tashi a bukukuwan Faskari da Sabuwa ya daɗe a yankinmu. A 1976 matasan ƙungiyar Métal Urbain ta birnin Paris suka sa na'ura a gurbin mai ganga, suna kiɗan bore mai kaushi. Shekara biyu kacal bayan haka, a nan yankinmu, makaɗi Mamman Sani ya naɗi kaset a gidan rediyon Nijar da ke Yamai, da fiyanon lantarki ƙirar Italiya. Masu cewa na'ura tana kashe gargajiya su saurare shi: yatsunsa na bin amon tsoffin waƙoƙin Nijar a natse, har aka riƙa sa kiɗan tsakanin shirye-shirye. Kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da kaset ɗin a 2013.