Sayen Babur na Hannu: Abin da Ya Kamata a Duba

Jama'a, kowa ya san yadda ake sayen doki. Ba mai biyan kuɗi don kyan sirdi. Sai an buɗe bakinsa an duba haƙora, an ɗaga kofato, an kuma sa yaro ya sukwane shi a ga tafiyarsa. To, haka sayen babur na hannu yake, watau wanda wani ya riga ya hau. Fenti shi ne sirdi. Lafiyar babur tana cikin inji da ƙarfe da birki.

Babura iri-iri ne. Akwai ƙananan da muka saba gani a ƙauye, irin su Bajaj na Indiya da Jincheng na Sin. Girman injinsu wajen cc 100 ne zuwa 125. Akwai kuma manya masu gudu, irin na tsere. Kamfanoni huɗu na Japan sun shahara wajen ƙera su: Honda, Yamaha, Suzuki da Kawasaki. Kawasaki Ninja ya fito a 1984, Suzuki GSX-R750 kuwa a 1985. Irin waɗannan, mai cc 600 yana wuce kilomita 200 a awa ɗaya. Yawancin masu zuwa ƙasarmu an riga an hau su a waje. Samari kuwa su ne masu hawansu, ba su kuma tausaya musu. Saboda haka dubawarsu ta fi ta ƙaramin babur wuya, kuskure a kansu kuma yana iya cin rai.

1. Takardu

Ku fara da takardu tun kafin a ta da inji. Kowane babur yana da lamba da aka buga a jikin firam, kusa da wuyansa, da wata kuma a jikin inji. Tun daga 1981 lambar firam ta yawancin babura tana da haruffa da alƙaluma 17. A nan karatunku zai yi muku rana. Ku karanta su ɗaya bayan ɗaya, ku gwada da abin da ke cikin takarda. In an goge wurin da zarto, ko wani harafi ya karkace, ku bar cinikin komai araharsa. Wataƙila na sata ne, wanda aka kama da kayan sata kuwa shi ke kwana a hannun 'yan sanda. In daga waje aka shigo da shi, ku nemi takardar kwastan.

2. Alamun faɗuwa

Ku je da rana tsaka, a fito da babur fili. Babur mai gudu yana da roba da ta rufe jikinsa, sauya ta kuwa ba wuya. Sabuwar roba a kan tsohon babur abin tambaya ce. Ku duba bakin hannuwan sitiyari, da matakin ƙafa, da gefen inji, da salansa. Nan ne ƙasa ke gurzawa in an faɗi. Ku leƙa firam ko akwai tsaga ko sabuwar walda. Sa'an nan ku tsuguna ta baya, ku hango ko ƙafar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya. Firam da ya lanƙwashe ba ya komawa daidai, kullum zai riƙa jan mai shi gefe guda.

Ga wata alama kuma. In kun ga an huda kawunan kusoshi da ƙananan ramuka, to, an yi tsere da shi. 'Yan tsere ne ke ɗaure kusoshi da waya don kada su kwance.

3. Inji

Ku gaya wa mai babur kada ya ta da shi kafin ku zo. Da isowarku ku sa bayan hannu kusa da inji. In da ɗumi, ku jira ya huce, gama inji mai ciwo yakan ɓoye ciwonsa in ya yi zafi. Lafiyayyen inji yana tashi nan da nan, ya kuma tsaya da ƙara iri ɗaya ba tare da an murɗa masa mai ba. In kun ji ƙwanƙwasa daga can ƙasa, kamar ana buga guduma, gyaran mai tsada ne.

Ku tsaya ta baya ku dubi hayaƙi. Shuɗin hayaƙi yana nuna inji na ƙona baƙin mai, watau cikinsa ya cinye. Baƙin hayaƙi yana nuna fetur ya yi yawa. Farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi yana nuna ruwan lagireto na shiga inda bai kamata ba. Ku duba baƙin mai kuma. In ya zama kamar shayi da madara, ruwa ya gauraya da shi. A ƙarshe ku dubi ƙasa inda babur ya tsaya, ko akwai ɗigo.

4. Taya, sarƙa da birki

Taya tana da shekaru kamar dabba. A gefenta akwai alƙaluma huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In kun ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na 2019. Tayar da ta wuce shekara biyar sai a riƙa dubawa da kyau, wadda ta kai goma kuwa a yar da ita ko da zanenta bai goge ba. Tsaga ko ƙullutu a gefe alamar za ta fashe ne.

Ku ɗaga sarƙa da yatsa a tsakiyarta. Wasanta sama da ƙasa wajen santimita 3 ne, watau kamar faɗin yatsu biyu. Ku dubi haƙoran farantin da take hawa. In sun yi tsini sun lanƙwashe kamar ƙaya, sai an sauya sarƙa da faranti gaba ɗaya.

Birkin gaba shi ne ke yin mafi yawan aikin tsayar da babur. Ku matsa hannunsa. In ya yi laushi har ya taɓo sitiyari, akwai iska a ciki ko mai yana zuba. Ku shafa faifan birki da yatsa sa'ad da yake da sanyi, kada a ji kwari mai zurfi. Ku riƙe wannan lissafi: in gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke bukata kafin ya tsayar da babur yana ninka huɗu. Ku kuma matsa birkin ku danna kan babur ƙasa. In sandunan nan biyu masu riƙe da ƙafar gaba suka jiƙe da mai, su ma suna son gyara.

5. Gwaji a hanya

Wanda bai saba da babban babur ba kada ya hau don gwaji. Ya tafi da makanikin da ya yarda da shi, ba wanda dillali ya kawo ba. Makaniki ya sa hular kwano, ya shiga kowace giya. Giya ta biyu ita ce ta fi shan wahala a hannun masu gudu. In ta fita da kanta sa'ad da aka ba da wuta, sai an buɗe inji. In kuwa ƙara ta ƙaru amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ya cinye. A gwada fitilar gaba, da ta birki, da sigina, da ham.

6. Shin ya dace da hanyarmu?

Wannan tambaya ita ce babba. An yi babur na tsere don kwalta mai santsi. Cikinsa yana kusa da ƙasa, ba ya son yashi ko rami, ba kuma ya ɗaukar buhu. Yawancin masu cc 600 silinda huɗu gare su, ba kowane makaniki ya san kansu ba. Kafin ku biya, ku shiga kasuwa ku tambayi kuɗin taya da sarƙa da takalmin birki, ku ji ko ana samunsu. Araha ba ta ado. Manomin da ke son kai hatsi kasuwa, ƙaramin babur ya fi masa amfani.

In ciniki ya faɗa, a rubuta takarda. A sa sunan mai saye da mai sayarwa, da lambar firam da ta inji, da kuɗi, da kwanan wata. Shaidu biyu su sa hannu. Bayan haka a nemi lasin tuƙi da inshora, a sayi hular kwano mai kyau kafin a hau.

Tambayoyi

1. A ina ake samun lambar firam?
2. Don me za a jira inji ya huce kafin a ta da shi?
3. Me shuɗin hayaƙi yake nunawa?
4. An rubuta 1021 a gefen taya. Yaushe aka yi ta?
5. Ku rubuta takardar cinikin babur a littafinku, ku kawo wa malami ya duba.