A Ji Kiɗa, A Tambayi Magana

A Turai da Amurka, daga Yuni zuwa Agusta, sanyi ya wuce, makarantu sun yi hutu, sai matasa su dinga aika wa juna waƙoƙi masu zafin kiɗa, irin waɗanda ake haɗawa da na'ura da kwamfuta. Yanzu kuwa waƙoƙin suna shigowa wayoyin 'ya'yanmu. To, ga biyu mu auna.

Ta fari ita ce Fireflies, ta Owl City. Wani saurayi, Adam Young na jihar Minesota, shi ya fara haɗa kiɗansa a ɗakin ƙasa na gidan iyayensa. A 2009 ta zo ta ɗaya a Amurka. Zancenta na rashin barci ne da ƙwarin nan masu walƙiya da dare. Wannan ba laifi yara su ji.

Ta biyu, Pumped Up Kicks, ta Foster the People, ta fito a 2010, ta kai ta uku a 2011. Kiɗa mai daɗi, har da fito. Amma kyan ɗan maciji ne. Labarin yaro ne da ya sami bindiga yana barazanar harbin 'yan'uwansa yara. Bayan kisan makarantar Sandy Hook a Disamba 2012, wasu gidajen rediyo suka daina sa ta.

Saboda haka uwargida, kafin ki yaba waƙa ko ki tura wa ƙawarki, sa wanda ya ji Turanci ya fassara miki. Allah ya shirya mana zuriya.